Ƙugi a Kunnen Alhaji Bawa

Shekarun da kuɗin man fetur ya fara hawa wa mutane kai, duk wanda ya iya riƙe sukundireba a Sakkwato sai ya wayi gari ɗan kwangilar wuta. Soja ke mulki, ana ta dasa turakun lantarki unguwa-unguwa, kowane maigida yana so a ja masa kafin a ja wa maƙwabcinsa. Ni kuwa ina nan shagona na Tudun Wada ina gyaran rediyo da rikoda, sana'ar da na yi shekara goma sha tara ina yi, ina kallon aikin waɗannan sababbin injiniyoyi ina cije leɓe. Sunana Aƙilu. Mutane na cewa ina da saurin fushi, ni kuma na san haƙurin aikin banza ne kawai ba ni da shi.

Wata Litinin cikin bazara, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi, Junaidu ya leƙo shagona. Falke ne, yana kai shanu Ikko a babbar mota. Ya ce Alhaji Bawa na Unguwar Rogo yana nemana, in zo ni kaɗai, kada kuma in gaya wa kowa. Alhaji Bawa babba ne cikin mahautan garin, ya ba saba'in baya, kunnensa ya yi nauyin da sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren gulbi kafin ya ji ka.

A hanya Junaidu ya warware mini zancen. Ɗan farin Alhaji, Ƙasimu, ya ƙi wuƙar gado ya shiga soja farkon yaƙi ba da yardar uban ba. Aka rabu baram-baram. Yaƙi ya ƙare, yaron ya zauna bariki a Ikko, yau shekara tara ba gaisuwa ba aike. To, wannan tafiyar Ƙasimu ya nemo Junaidu a kara, wato kasuwar shanu, ya ba shi kaset, ya ce maganar ciki ta kunnen Baba ce shi kaɗai. Ya kuma ce in Junaidu ya dawo hannu rabbana to ya gane amsar, ba zai sake damun tsohon ba har abada. Motar Junaidu kuwa za ta tashi ran Alhamis bayan la'asar.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai abin mai sauƙi ne, a kunna rikoda a ƙure murya. To, ɗan fari ne. Alhaji Bawa tun ranar suna bai taɓa kama sunan yaron da bakinsa ba, bai taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, in zai yi zancensa sai ya ce “wancan”. Mutum irin wannan gara masa ya mutu da ƙishin muryar ɗansa da a ce maƙwabta sun jiyo shi yana saurarenta.

Na same shi zaune a zaure kan buzu, kaset ɗin na ƙarƙashin cinyarsa. Bayan gaisuwa, wadda na yi da ƙarfi har wuyana ya yi jijiya, ya dube ni ya kawar da kai.

“Aƙilu, akwai wata ’yar magana cikin abin ga. Ni ɗai nika son in jiya ta. Ka gane?”

Na ce na gane, Baba. Na gwada masa ƙaramin abin kunne na rikoda mai batir da kaset ɗina na gwaji, wanda na ɗauki muryata a ciki ina ƙirga ɗaya zuwa ɗari. Ya ce shi dai ya ji kamar sauro na wucewa. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Na koma shago na jawo amfilifayar wani tsohon rediyogaram, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin mai ƙwayayen nan na gilashi da ke yin ja in sun ɗauki zafi. Irinta ba ta san batir ba, sai wutar bango, amma ƙarfinta ya isa ya ta da kurma. Na gyara mata mafita, na haɗa ta da wani babban hedifon mai soso da ke rufe kunne ruf, wanda wani malamin makaranta ya bar mini. Na kunna, muryata ta fito tas, har numfashina tsakanin goma sha tara da ashirin ina ji. Na yaba wa kaina, tunda ba kowa a shagon da zai yabe ni.

Talata da hantsi na ɗaure kayan a bayan Honda na kai Unguwar Rogo. Na jona a soket ɗin zaure, na jira ƙwayayen suka yi ja, na ɗora hedifon a kaina. Sai na ji wani ƙugi mai kauri, uuuuu, ba hawa ba sauka, kamar injin niƙa a ɗaki na gaba. Muryata na can ƙarƙashinsa tana ƙirga, amma sai ka kasa kunne sosai. Na ce wataƙila kunnen tsoho zai tsallake shi. Ashe akasin haka ne, domin abin da ya rage wa Alhaji na ji duk na sauti mai kauri ne. Ya saurara kaɗan ya cire abin ya miƙo mini, ya ce ba ya jin kome sai rurin bajimi.

Na ɗauka girgizar hanya ce ta kwance wani abu. Na mayar da amfilifayar shago, na jona, ta yi shiru kamar ba ita ba. Na buga ta, na jijjiga ta, na kifa ta, ko tari ba ta yi ba. Na ce wa Junaidu ya lallashi tsohon ya zo shagona ya saurara, ya yi mini kallon da ake yi wa mai taɓin hankali. Shagon da ke buɗe bakin titi, masu shayi a dama, masu faci a hagu? Gidan maƙwabci ma ba zancensa, don sai an faɗi dalili.

Laraba tun da sassafe na tare a zauren. Na canza wayar da ke tsakanin rikoda da amfilifaya, ƙugi na nan. Na nisanta ta da fanka, na kashe fankar ma, muka zauna muna ɗigar gumi, ƙugi na nan. Na juya filogi. Na sa mitar awon wuta a soket, allura ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, tana rawa kamar mai jin sanyi. Na tambayi abin da ke cin wuta a gidan, aka ce wata ƙatuwar firiza ce da Alhaji ya saya don ajiye nama. Na aika aka kashe ta, ƙugin ya ragu kaɗan, amma bai tafi ba. Ina cikin haka bayan hannuna ya gogi jikin amfilifayar, ta ɗan tsikare ni. Da ina cikin hankalina da nan na tsaya na yi tunani, amma zuciya ta riga ta ɗebe ni, na zagi ƙarfen na ci gaba.

Na tambayi wanda ya ja wutar gidan, aka ce Siddiƙu. Na san Siddiƙu, bara waccan tireda yake sayarwa. Na ce a raina lallai yau na gamu da gamona.

Dab da azahar na cire babban kwandansa, wato gwangwanin da ke tace wuta kafin ta shiga ƙwayaye, na sa sabo. Aka kira salla. Alhaji ya ɗauki butarsa ya tsuguna a kusurwar bango daga wajen zaure inda ya saba alwala, ni da Junaidu muka bi bayansa muka yi tamu a nan. Da muka dawo daga masallaci tsohon ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa. Na kunna amfilifaya ba da wani sa rai ba, sai na ji muryata tana ƙirga, ƙugin ya koma can nesa kamar an rufe masa ƙofa. Na yi tsalle, na ce wa Junaidu kwandansa ne, maza a kira Baba.

Tashin tsoho daga barcin rana ba abin gaggawa ba ne. Kafin ya farka, ya wanke fuska, ya nemi hularsa, an ci kusan sa'a guda. Ya zauna, ya zaro kaset ɗin daga aljihu, na sa masa a rikoda na juya baya. Ban kai ga ƙofa ba na ji ya ce in kashe. Na karɓi hedifon na saurari kaset ɗina, ƙugi ya dawo daram, kamar bai taɓa zuwa ko’ina ba.

Alhaji ya mayar da nasa kaset ɗin aljihu.

“Bar shi hakanan, Aƙilu. Shagonka shina magana, gidana shina gurnani. Wanga ba aikin ƙarhe ba na. Allah bai nuhe ni da jin ta ba.”

Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya turnuƙe ni, don na tabbata wannan ba hukuncin Allah ba ne, aikin wani ragon ɗan Adam ne. Na daka masa tsawa, kuma ba don kurumtarsa ba, na ce ni ban yarda ba, Baba, sai motar Junaidu ta tashi zan ɗaure kayana. Ya tashi ya shige gida.

Na zauna ni kaɗai a zauren ina ta saƙa da warwara. Ruwa ba ya tsami banza. In da kwandansa ne ya gyara, da gyaran ya zauna. Abin da ya kori ƙugin ya zo ne ya tafi da kansa, ni kuwa ban taɓa kome ba tsakanin tafiyarsa da dawowarsa. Na bi abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya, ban ga wani sabon abu ba sai salla. Har na fara jin tsoron kada zancen tsohon ya zama gaskiya.

Da la'asar ta yi na ɗauki buta na tsuguna a kusurwar nan, raina a jagule. Ina wanke ƙafa idona ya bi ruwan. Yana gangarawa gindin bango, ƙasa na shanye shi nan take, daidai wani ɗan ƙarfe mai tsatsa da ya leƙo daga ƙasa. Jikin ƙarfen an naɗa wata siririyar waya koriya, ta hau bango ta shige ta wata ’yar kafa zuwa wajen mitar gidan. Na tsaya da buta a hannu. Wayar ƙasa ce, wadda mu masu sana'a ke kira atin.

Na ƙarasa alwala, na yi salla, na dawo da gudu na kunna. Ƙugi ya lafa. Na kashe babban makunnin gidan, na fita na kama ƙarfen da yatsu biyu na ja, sai ga shi a hannuna. Tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba. Ƙarfen da ya kamata ya nutse ƙasa fiye da tsayin mutum, Siddiƙu ya ga marmarar Sakkwato ta yi masa tauri, ya yanko guntun rodi ya soka kamar mai dasa albasa.

Na yi wa Junaidu bayani yadda zai gane. Kowane gida akwai wutar da ke zubewa tana yawo a jikin kaya, musamman gida mai firiza da wutar da ba ta cika ba. Aikin wayar nan shi ne ta kwashe ta ta zuba a ƙasa. Amma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta, sai mai damshi. Da damina guntun ƙarfen yana ɗan taɓukawa, shi ya sa ba wanda ya lura. Yanzu da bazara ta ƙone ƙasa, wutar ta rasa hanya, sai ta bi wayar ta shiga amfilifayata, daga nan ta zarce kunnen Alhaji. Ruwan alwala ne ke buɗe mata hanya na ɗan lokaci, rana kuma ta zo ta toshe. Junaidu ya riƙe baki, ya ce to mu tuttula ruwa mana mu kira tsohon. Na ce a'a. Sau ɗaya na kira shi abin ya ba ni kunya, in na sake kiransa ƙugi ya dawo tsakiyar magana ba zai ƙara sa abin nan a kansa ba.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar muka fafe namu. Alhamis da asuba bayan salla na zo da diga da dogon bututun ruwa na ƙarfe. Ni da Junaidu muka dinga karɓa-karɓa, diga na tashi da wuta a jikin marmara. Falke ne, ya saba da sandar kiwo ba diga ba, kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo, amma bai ajiye ba. Masu wucewa na tambaya ko rijiya Alhaji zai yi a ƙofar gida, ina ce musu magudanar ruwa muke gyarawa.

Ramin na bukatar gawayi da gishiri masu yawa, don su ke riƙe damshi. Ina shirin hawa Honda in tafi kasuwa, sai na ji ana jan buhu a soron ciki. Inna Kande ce, matar Alhaji, mahaifiyar Ƙasimu. Daga bayan labule ta turo buhun gawayin da ake gasa balangu da shi, da rabin buhun gishirin da ake barbaɗa wa fata. Ba wanda ya gaya mata abin da muke yi, ita ma ba ta tambaya ba. Ita ma ɗan farinta ne, bakinta a ɗaure yake kamar na mijinta.

“Aƙilu, in ba su isa ba ka yi magana, akwai wasu,” in ji ta, ta saki labule.

Muka tsayar da bututun a rami, na hau turmi na dinga dukansa da guduma har ya nutse. Muka zuba gawayi, muka zuba gishiri, muka bi da ƙasa, muka sake, har ramin ya cika. Jarka shida ta ruwa ya sha. Na kankare kan bututun ya yi fari, na ɗaure sabuwar waya mai kauri da noti, ba naɗin kallabi irin na Siddiƙu ba. Na kuma gyara ’yar kwatar yadda duk ruwan alwalar gidan zai riƙa sauka a kansa. Daga nan na bi wayoyin zaure, na sami mahaɗa biyu da aka murɗa da hannu aka rufe da tsumma, na yi musu dalma.

Azahar ta wuce kafin in mayar da wuta. Da gangan na ce a kunna firiza, a kunna fanka. Na taɓa jikin amfilifaya, ba tsikari. Na sa hedifon, na ƙure murya ba kaset, na saurara. Shiru, sai ɗan huci siriri kamar na mai barci. Na bar ta tana aiki sa'a guda cur cikin tsakiyar rana ina jiran ƙugi ya dawo, bai dawo ba. Daɗin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da na buɗe shagona.

Alhaji ya ƙi fitowa. Sau biyu ina aika Junaidu, tsohon yana cewa a bar shi ya huta. Motar shanu kuwa an riga an yi mata lodi tana jira a kara. Na tsaya bakin soron ciki na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, na ce Baba, na yi kwana huɗu a kan aikin nan, in ba ka zo ka duba ba ka wulakanta sana'ata. Na san mahauci ba ya wasa da zancen sana'a. Can sai ga shi yana jan ƙafa, fuska a murtuke, ya ce don ni kawai ya fito.

Na ɗora masa hedifon, na sa kaset ɗina. Ina kallon leɓensa, sai na ga ya fara motsi, yana bin ƙirgar, bakwai, takwas, tara. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun buɗe. Ya zaro nasa kaset ɗin ya miƙo. Na sa, na nuna masa inda zai danna, ni da Junaidu muka fita muka zauna kan dakali a waje.

Abu ɗaya ne na manta ban gaya masa ba. Mai hedifon a kai ba ya jin muryar kansa, balle wanda dama kurma ne. Ba a jima ba muka ji tsohon ya amsa sallama da muryar da ta cika zaure ta fito titi.

“Wa alaikumus salamu. Lahiya lau. Lahiya lau muke. Tana nan lahiya.”

Ya ci gaba da saurare. Wani mai faskare a tsallaken hanya ya tsaya da gatari a sama. A cikin gida dakan da ake yi ya tsaya cak.

“A'a, bari hwaɗin haka. Na yahe. Wallahi tun ba yau ba na yahe ma, Ƙasimu.”

Muryar ta karye a kan sunan. Junaidu ya sunkuyar da kai yana duban bororon hannunsa. Mai faskare ya ci gaba da faskarensa da ƙarfi fiye da da, aka koma daka a cikin gida. Ni kuma na tashi na shiga tattake ƙasar ramin da na riga na tattake, ina share ido da hannun riga.

Da ya kira ni na shiga, na tarar ya gyara zama, ya goge fuska, ya koma Alhaji Bawan da kowa ya sani. Ya ce aikina ya yi kyau, ba laifi. Sa'an nan ya tambaya, yana kallon bango, ko abin nan yana ɗaukar magana kamar yadda yake bayarwa. Na ce yana ɗauka, Baba. Na juya kaset ɗin, na danna jan maɓalli, na kai masa makirfo bakinsa. Ya yi gyaran murya sau biyu.

“Ka gaya ma wancan shi taho gida. Shi taho da ɗiyan, uwatai na son ganinsu.”

Ya ɗaga hannu alamar ya gama. Na kai yatsa zan kashe, sai labulen soron ciki ya motsa.

“Aƙilu, dakanta,” in ji Inna Kande. “Kak ka kashe tukuna.”